Nonon da Ba Su Sha Ba

Wata Lahadi cikin shekara ta dubu biyu, Ridwanu ya sauka daga okada a bakin wani ɗakin taro da ke bayan layin dogo a Agege, rungume da kwalayen zanensa. Sana'arsa rubutun allon shaguna da fentin bayan motocin haya da ake kira danfo, amma abin da ransa ke so shi ne zana fuskokin 'yan fim da fensir. Duk bayan wata uku masoya finafinan Hausa na Legas sukan yi taro, a yi gasar kwaikwayon jarumai, a ci a sha, masu sana'ar hannu kuma su jera tebura a jikin bango.

Taro ne da ba ya rasa abin kallo. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da ke zuwa da aku a kafaɗa, akun ya iya kukan wata jaruma idan an sake ta a fim, har da jan majina. Akwai wasu tagwaye daga Mile 12 da suke zuwa cikin riga ɗaya mai wuya biyu. Amma a ranar Ridwanu bai lura da kowa ba, domin a bakin ƙofa ya tarar da wata doguwar yarinya tsaye da jakar bakko, tana sauraron Malam Audi sakataren ƙungiya, idanunta sun kawo ruwa.

"Tebur ɗaya ya rage, kuma na Ridwanu ne, ga shi nan ma ya iso," in ji Malam Audi. "Ki yi haƙuri 'yammata, na mata sun cika."

"Daga Ijora na taho," ta ce a hankali. "Mota uku na shiga."

"Ko daga ina kika taho. Malaman unguwa sun sa mana ido. Doka ce yanzu, namiji da mace ba sa zama tebur ɗaya sai in muharramai ne."

Ridwanu ya dubi bakin jakar, ya hangi wani farin hankici da aka yi wa fure da jan zare, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ɗaga kai ya dubi mai ɗinkin. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Oga Audi, ai ƙanwata ce."

Malam Audi ya sauke tabarau, ya dubi Ridwanu gajere baƙi mai faɗin kafaɗa, ya dubi yarinyar doguwa fara. "Kai da aka haifa a bayan masallacin nan, ita kuma bakinta na mutanen Nijar. Ta ina?"

"Nono ɗaya muka sha."

Nan take fuskar Malam Audi ta saki. Ya ce ikon Allah, ya buɗe littafin sunaye ya rubuta: Ridwanu da ƙanwarsa ta shan nono, tebur na tara.

Sai da suka shimfiɗa kaya ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Mi ya sa ka yi ƙarya?"

"Da yanzu kina hanyar Ijora da jakarki."

"Ko sunana ba ka sani ba."

"To ki gaya wa yayanki, kada a tambaye shi ya ji kunya."

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Mouna."

Teburin ƙarami ne, ƙafarsa ɗaya ta gaza, an tokare ta da tsohon kaset ɗin bidiyo. Ridwanu bahago ne, ya zauna ta dama, duk lokacin da ya ja fensir sai gwiwar hannunsa ta bugi tata. A karo na uku allura ta shige mata yatsa. Suka sauya wuri. Daga ranar ya koma Bahago a bakinta, ita kuma ta koma Allura a nasa, amma sai in babu mai ji. A gaban jama'a Yaya ne da Ƙanwa.

Can da la'asar wata mata ta zo tana son fuskar wani jarumi a kan rigar filo. Mouna ta ce ita fure da suna kaɗai ta iya. Ridwanu ya karɓi farin ƙyallen, ya zana fuskar da fensir cikin minti goma, ya tura mata.

"Bi layin kawai."

Ta bi. Kafin magariba hoton jarumin ya fito da baƙin zare, har da ɗan karkacewar hularsa. Matar ta riƙa zagaye ɗakin tana nunawa. A taro na gaba, wanda aka yi a Ojo, mutane layi suka yi a gaban teburinsu. Babu mai son zanen kwali kaɗai, babu mai son fure kaɗai. Kowa na son aikin wa da ƙanwa.

Babu wanda ya taɓa ɗaga ido idan suka ci shinkafa a kwano ɗaya. Idan ya raka ta tasha, sai dattawa su sa masa albarka, su ce haka ake son babban wa. Ridwanu ya ji daɗin wannan har taro uku. A na huɗu ne, yana kallon yadda take cizon zare da haƙori, wani abu da ya sani tun yana makarantar allo ya faɗo masa a rai: wanda kuka sha nono ɗaya da shi, babu aure tsakaninku har abada. Fensir ya tsaya a hannunsa. Da bakinsa ya rufe ƙofar, kuma an rubuta a littafi.

Ranar ruwa aka yi. Suka shiga danfo zuwa Oshodi, inda take sauya mota, suka faɗa cikin gosulo. Awa biyu motar ba ta motsa ba. Gilasan ba sa buɗuwa, zafi kamar cikin tukunya. Wata mata a gabansu ta riƙe kwandon dodon koɗi, ɗaya ya fito yana hawa gilashin a hankali, shi kaɗai ne ke tafiya a duk faɗin titin.

Ridwanu ya sassauta murya. "Allura, akwai abin da ke damuna."

"Na sani."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Na sani tun ranar da na soke yatsa, ka riga ni cewa wash."

Ya juyo ya dube ta. "To ke fa?"

"Wasiƙun da 'yammata ke ba ni in kai wa yayana, ka taɓa ganin ko guda?"

"A'a."

"Suna ƙarƙashin gadar Ijora. Kifi ya karance su."

Dariya ta kama shi, ya danne ta don kada kwandasta ya waiwayo. Ita ba ta yi dariya ba.

"Bahago, mutum ɗari uku sun san mun sha nono ɗaya. Wane malami zai ɗaura?"

"Zan gyara."

"Yaushe?"

"Taro mai zuwa."

Taro ya zo ya wuce, bai gyara ba. Wani ma ya zo. Duk sanda ya nufi wajen Malam Audi sai ya juyo kafin ya isa. Ba korar da za a yi masa ce ta fi damunsa ba. In ya ce ƙarya ce, gobe duk Agege da Ijora za a ce Mouna 'yar Amadou maigadi ta shekara tana zaune kafaɗa da kafaɗa da ƙaton da ba muharraminta ba, suna cin kwano ɗaya, yana raka ta tasha. In ya yi shiru, zai ci gaba da zama kusa da ita, yana jin ƙamshin turarenta, har ranar da wani zai zo ya ɗauke ta. Yakan zauna a shagonsa yana juya maganar har fenti ya bushe a buroshi.

A ƙarshen shekara ta dubu biyu da ɗaya wayar hannu ta shigo gari. Ridwanu ya samu wata tsohuwar waya a madadin allon da ya rubuta wa wani mai shagon waya, ya rubuta lambar a kwali ya ajiye a kan teburinsu. A cikin watan ne kuma Ja'afaru ya zo shagonsa.

Ja'afaru dillalin kaset ne a Alaba, shi ke kawo wa ƙungiya janareta duk taro. Mutum ne mai kunya da gaskiya, irin wanda ko kana so ba za ka iya ƙinsa ba. Ya girmi Ridwanu da shekara biyar, amma sai ya cire takalmi a bakin shago, ya durƙusa tsakanin gwangwanayen fenti. Malam Audi ne ya rako shi.

"Yaya Ridwanu," in ji Ja'afaru, kansa a ƙasa, "na daɗe ina ganin tarbiyyar ƙanwarka. Na ce kafin in je wajen manya, in fara da kai, tunda kai kake tare da ita. Ga wannan a ba ta, in ba ka ga laifi ba."

Ya tura wani ɗan kwali. Sabuwar waya ce.

"Yaro ne na kirki, ni shaida ne," in ji Malam Audi. "Kai dai ka sa albarka."

Ridwanu ya buɗe baki. Ya dubi Malam Audi, ya dubi mutumin da ke durƙushe a gabansa.

"Zan isar," ya ce.

Ya isar ɗin a taron Disamba, ta ƙarƙashin tebur. Mouna ta buɗe kwalin, ta ji daga inda ya fito, ta rufe.

"Ka karɓa?"

"Me zan ce masa, ga Oga Audi zaune?"

"Ka ce mishi a'a."

"A matsayin wa?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Ashe ka gaji. To Yaya, tunda ka karɓa, ni ma na karɓa."

Ta jefa kwalin a jaka. Ranar wuni suka yi a tebur ɗaya babu mai ce wa wani uffan. Yana zanawa yana turawa, tana ɗinkawa tana ajiyewa. Babu inda ɗayansu zai tashi ya koma, ga layin mutane. Masu saye suna dariya, suna cewa wa da ƙanwa an yi faɗa. Da aka tashi ta ce kada ya raka ta.

Bayan mako biyu Ja'afaru ya tura manyansa Ijora, wajen Amadou mahaifin Mouna, wanda ke gadin wani siton shinkafa. Suka gaisa, suka faɗi abin da ya kawo su, suka ƙara da cewa ai ɗanku Ridwanu ya riga ya sa albarka.

"Wane ɗa?" in ji Amadou.

Washegari da hantsi, Ridwanu yana kan tsani yana fentin allon wani mai aski, wayarsa ta yi ƙara.

"Bahago, Baba ya ji komai. An hana ni fita ko bakin get. Na karɓi wayar nan don in ƙona maka rai ne, nawa ya ƙone. Yau za a mayar da ita. In kana zuwa ka zo. Mouna."

Ya sauko, ya zauna a matakin ƙarshe na tsanin, ya rubuta da yatsa mai fenti.

"Allurata, laifina ne tun daga bakin ƙofa. Ina zuwa Juma'a da Gwaggo. Ko dukana zai yi zan tsaya. Ki ci abinci don Allah."

Gwaggo Furera, ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi. Da ya ba ta labari sai da ta ɗora hannu a ka, ta zage shi da Hausa ta ƙarasa da Yarabanci, sannan ta ɗauko mayafinta mai kyau.

Ɗakin su Mouna yana bayan siton, tsakanin katanga da wata matacciyar tirela da kaji suka mayar gida. Amadou yana zaune a tabarma, dogo siriri, da rediyo a gefensa. Bai amsa gaisuwar Ridwanu ba. Kafin kowa ya fara magana labule ya ɗaga, Balkissa mahaifiyar Mouna ta fito, hannunta a ƙugu.

"Kai ne ɗan nawa? Tashi in gan ka."

Ridwanu ya miƙe.

"Ni na shayar da kai? Da wanga ƙaton kai, wallahi da ban manta ba."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Kada ka ce mini Inna. Nan aka faro."

Amadou ya kashe rediyo. Ya yi magana a hankali, kamar mai ƙirga kalmominsa.

"Yaro, ni maigadi ne. Shekara goma sha huɗu ana ba ni makullin wurin nan, don ban taɓa cewa ƙofa tana rufe ba alhali tana buɗe. Kai ka ɗauki jikin matata ka yi ƙarya da shi gaban mutane, don wurin ajiye kwali. Ba ni ba ka ɗiyata. Ko na so ma ba ni iyawa. Da bakinka ka haramta ta."

Ridwanu ya ji motsi a bayan labule, irin na mai danne kuka.

Gwaggo Furera ta matso. Ta ce ba aure ta zo roƙo ba yau. Ta ce magana ce ta addini ta shiga bakin mutane, kuma sunan Balkissa na ciki, ya kamata a je gaban malami a wanke ta. Amadou ya ce don sunan matarsa zai je, ba don komai ba.

Malam Abdurrahim limamin wani masallaci ne a Agege, tsoho mai sanyin murya. Ya saurari kowa, sannan ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ina mahaifiyar yaron?

"Ta rasu yana da kwana tara," in ji Gwaggo Furera. "Shekara shida kafin a haifi yarinyar nan."

"To wa ya shayar da shi?"

"Maƙwabciyarmu ce, Iya Mulika mai ƙyafa kifi, Bayarabiya. Tana goyon 'yarta a lokacin. Tana nan da ranta, in ana so a kira ta."

Malam ya juya wajen Balkissa. Ina take a shekarar?

"Ina Tasawa, Malam, shekarata goma sha ɗaya, ina kiwon awakin kakata. Ko kwalta ban taɓa gani ba."

Malam ya shafa gemu. "A fahimtata, abin da ba zai yiwu ba, faɗarsa ba ta mayar da shi gaskiya. Waɗannan yara ba 'yan'uwa ba ne. Amma ni ba zan ɗaura auren da mutum ɗari uku za su riƙa nuna 'ya'yansa da baki ba. Ridwanu, a gaban jama'a ka faɗa, a gabansu za ka je ka warware."

"Ko ya warware, ni ban yi alkawarin komai ba," in ji Amadou, ya sa takalminsa.

Taro na gaba sai watan Maris. Wata biyu Mouna tana tsakanin katanga da matacciyar tirela, tana ɗinkin fure, don babu mai zana mata fuska. Akwai wata maƙwabciyarsu Aïchatou da ke zama ƙarƙashin lema a bakin get tana ba da hayar waya. Ta wajenta saƙonni ke shiga da fita.

"Allurata, in na faɗa, sunanki za a fara taunawa kafin nawa. Kuma Baba bai ce zai ba ni ba. In kin ce in yi shiru, zan yi shiru."

Amsar ta zo bayan azahar.

"Na gaji da zama ƙanwarka. Ka faɗa. Ka ɗaga murya, kada ka yi irin maganarka ta cikin danfo."

Ranar taron ɗakin ya cika. Ridwanu ya zo babu kwali, babu fensir. Mutane suna ta tambayarsa ina Ƙanwa, yana cewa tana gida. Bayan gasar kwaikwayo ya je ya roƙi Malam Audi minti biyu. Yana karɓar makirfo aka ɗauke wuta. Fankoki suka tsaya. Ya tsaya da mataccen ƙarfe a hannu, gumi na bin bayansa, wata murya a ransa tana ce masa ga hanya ta samu, ka bari sai wani taron.

Ja'afaru, wanda tun da aka mayar masa da wayarsa bai ƙara gaishe shi ba, ya miƙe daga sahun gaba.

"Tsaya nan," ya ce. "Ni ma ina so in ji."

Ya fita da kansa ya ja janareta. Lasifika ta yi ƙara ta dawo.

"Jama'a, sunana Ridwanu, kun san ni. Shekara biyu da suka wuce na gaya wa Oga Audi cewa Mouna ƙanwata ce, mun sha nono ɗaya. Ƙarya na yi. Ranar na fara ganinta a duniya. Mahaifiyarta ba ta taɓa shayar da ni ba, tawa kuma ta rasu kafin a haife ta. Na yi don kada a mayar da ita gida da kayanta, daga baya tsoro ya hana ni gyarawa. Na cuci mahaifiyarta, na cuci Oga Audi, na cuci Ja'afaru da ya durƙusa mini. Ina neman gafararku. Kuma ina sonta da aure, in mahaifinta ya yarda."

Ɗakin ya ɓarke da hayaniya. Wasu na salati, wasu na dariya. Wata budurwa daga baya ta ce, "Shi ya sa wasiƙuna ba sa isa." Malam Audi ya miƙe a fusace, ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan sunan, ya ce shekara guda kada ya sake ganin ƙafar ɗayansu a taro.

Sai wani mai jar hula ya ce, "To ita fa? Shekara biyu tana manne da ƙato, ta yi shiru. Allah kaɗai ya san sauran."

Ridwanu ya juya wajensa.

"Ranar ita ba ta buɗe baki ba, ni na buɗe. Teburin nan a tsakiyar idonku yake. Duk wanda ya taɓa ganin wani abu ban da zane da ɗinki, ya tashi ya faɗa yanzu, ina tsaye."

Babu wanda ya tashi. Dattijon nan mai goro ya gyara zama ya ce shi ne maƙwabcin teburinsu tun farko, kuma abin da ya gani kawai shi ne yaron yana ba ta tsokar nama yana cin ƙashi. Aka yi dariya, mai jar hula ya zauna.

Ja'afaru ya tare shi a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ka bar ni na cire takalmi a shagonka."

"Na sani. Ka yafe mini."

"Ba yau ba. Amma zan yafe." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Tsohon yana can baya tun ɗazu. Ka gan shi?"

Ridwanu ya duba. Can jikin bango, kusa da masu sayar da ruwa, Amadou ne tsaye cikin kwat ɗinsa ta gadi, mutumin da bai taɓa kallon fim ba. Suka haɗa ido. Tsohon ya bi ta ƙaramar ƙofa ya fita.

Kwana goma sha ɗaya babu labari. Ridwanu ya rubuta wa wani mai shayi allo, ya manta harafi biyu. A rana ta goma sha biyu saƙo ya shigo daga lambar Aïchatou.

"Bahago, Baba ya ce ka zo da manyanka. Ya ce kada ka zo da rigar fenti."

Da suka je, Amadou ya amsa gaisuwa a karon farko. Ya dubi kawunnan Ridwanu ya ce, "Na ji labarin wani yaro da ya yi ƙarya. Sannan na je da ƙafata na ga wani yaro ya tsaya an yi mishi dariya, bai gudu ba. Na biyun nake ba ɗiyata. Na farkon, in ya sake leƙowa, ni da shi ne."

An ɗaura aure wata Asabar cikin damina. Kafin fatiha Malam Abdurrahim ya bayyana wa jama'a abin da aka bincika, ya tambaya ko akwai mai sauran shakka. Babu. Malam Audi ya zo, fuska a ɗaure, amma ya ci goro. Ja'afaru bai zo ba, ya aiko da janareta.

Saboda gosulo tun la'asar aka ɗauko amarya. A bakin gidan Gwaggo Furera ayarin ya tarar da Iya Mulika, tsohuwa mai ƙaton ɗaurin kai, da 'ya'yanta mata huɗu, sun tare ƙofa suna rawa. Ta ce da gurɓatacciyar Hausarta babu mai shiga da amarya sai an gaishe ta, don ita ce ta shayar da ango na gaskiya, ga kuma 'yan'uwansa na gaskiya, duk wanda ke shakka ya dubi kumatunsa.

Balkissa, wadda ta ƙi zama a gida kamar yadda iyayen amare ke yi, ta rungume ta. Sannan ta juya wajen matan da suka cika tsakar gida.

"Ku zama shaida. Duk ɗan da aka haifa a gidan nan, uwarsa kaɗai za ta shayar da shi. In dole ta sa wata ta ba shi, a kira liman da mutum biyu su zauna su gani. Ni ba ni sake zuwa gaban malami a tambaye ni shekaruna."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

Da mutane suka ragu, Ridwanu ya shiga ya tarar da Mouna zaune a bakin gado, lulluɓe. Ya zauna a gefenta. Ta ɗan ɗaga mayafin.

"Ka ji dokar Inna?"

"Na ji. Guda nawa take tsammani?"

"Ta ce ba ta faɗa ba, kada ka je ka sanar a lasifika."

Ya yi dariya, ya riƙe hannunta, a karon farko tun da ya san ta. Yatsunta duk sawun allura ne.

"Kin ji tsoro a wata biyun nan?"

"Kullum. Kai fa?"

"Har yanzu ban gama ji ba."

"To zauna nan har ya wuce," ta ce. "Babu mai korarmu."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa gaskiya ta riƙa riga su zuwa bakin kowace ƙofa.